Akuya Mai Ciki Huɗu

Duk wanda ya zauna Badarawa a shekarar da rediyo ya dami kowa da kiran a yi noma a yi kiwo a bayan gida, ya san Malam Sanda Masinja ko da bai yi niyya ba. Gajeren mutum ne mai babbar murya, da kakin ofis wanda sitaci ya sa yake iya tsayuwa shi kaɗai, da keke mai ƙararrawa biyu. A wani ofishin kula da dabbobi yake aiki a cikin gari, aikinsa kai takarda da kawo shayi. Amma in ka ji shi da yamma a gindin dalbejiyar ƙofar gidan Mai Unguwa Inuwa, sai ka rantse shi yake koya wa likitocin yadda ake riƙe allura. Bakinsa bai san "sun yi" ba, sai "mun yi". Mun yi wa shanun Mando rigakafi. Mun gano ciwon kaji. Har ruwan sama in ya sauka a kan lokaci, yakan ce ai mun yi tsammaninsa.

Matarsa Delu ta daɗe da daina sauraronsa. Ba faɗa suke yi ba, ko kusa. In ya fara, takan ce "to" a inda ya kamata, ta ci gaba da tankaɗenta. Wannan "to" ɗin ta fi zagi ci wa Sanda rai, domin a duniya ba abin da yake so kamar Delu ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi.

Abin da Delu take ajiye aiki dominsa guda ne: akuyarta Kyalla. Jinin akuyar da mahaifiyarta ta ba ta ce, ranar da ta baro ƙauyensu na ƙasar Katsina. Sauran zuriyar duk sun ƙare, wasu ciwo ya ɗauke, wasu motocin titin Kawo. Kyalla kaɗai ta rage, ita kuma ta ƙi haihuwa. An kai ta wurin bunsuru har bunsurun ya fara juya baya in ya hango su. Delu takan ce in Kyalla ta mutu ba ɗa, hannun Innarta ya fita daga gidan nan ke nan.

Ran nan aka tara sababbin ma'aikata a ofis, wani malami ya zo da kayan cikin dabbobi a manyan kwanoni don ya koyar da su. Da aka rasa inda za a ɗora kwanon, sai aka ɗora wa Sanda. Haka ya tsaya riƙe da tumbin akuya a gaban hancinsa, malami yana ɗagawa yana bayani.

Ya ce akuya da tunkiya da saniya ciki huɗu gare su. Na farko tumbi, ƙaton buhu inda ciyawa ke jiƙa, wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna narkar da ita. Daga nan dabba ta dawo da ita baki ta sake taunawa, shi ne tuƙa. Na biyu kamar saƙar zuma yake. Na uku shafi-shafi ne, yana matse ruwa. Na huɗu shi ne irin namu. Kaza kuwa ba ta da haƙori, sai aka ba ta ciki biyu, ɗaya na jiƙawa, ɗaya ƙundu, inda tsakuwar da take tsinta ke niƙa mata hatsi. Jaki ciki ɗaya ne tak, ba ya tuƙa, amma yana da ƙaton hanji can baya inda ciyawa ke narkewa. Kare ciki ɗaya da gajeren hanji, tunda nama ba ya buƙatar doguwar tafiya. Mutum ma ɗaya.

Malamin ya ƙara da gargaɗi kan abin da ke faruwa in an ɗura wa mai tuƙa hatsi da yawa, da yadda ake ceton ta. Sanda ya ji, amma bai ba wannan sashe masauki mai kyau a kansa ba, don ba shi da daɗin maimaitawa a gindin dalbejiya. Shi dai huɗu, biyu, ɗaya yake ta juyawa a baki.

Ya iso gida yana kaɗa ƙararrawa biyu a lokaci guda. Ya tarar da Delu tana tankaɗe, Kyalla tana cin harawa a gefe. Ko hula bai cire ba ya durƙusa, ya manna kunne a haƙarƙarin akuya, ya lumshe ido, ya ƙwanƙwasa da yatsa.

"Delu," ya ce, "akuyar nan ciki huɗu gare ta."

Rariya ta faɗi daga hannun Delu.

"Malam, me ka ce?"

"Huɗu. Ba ji na yi ba, ilimi ne. Ko gaban alƙali sai in maimaita."

Delu ta zauna daɓas a kan turmi. Ta dubi akuya, ta dubi sama, hawaye suka zubo mata. "Alhamdu lillahi," ta ce. "Inna, kin ji. Ba ɗaya ba, ba biyu ba."

Nan take Sanda ya gane irin cikin da ta ji, ya buɗe baki zai gyara. Sai ga Delu ta tashi da sauri ta ɗebo ruwa a sabon kwano, ta durƙusa har ƙasa ta miƙa masa.

"Sha ruwa, Malam Likita. Ashe duk abin nan da kake faɗa da gaske ne."

Ya rufe bakin. Ya sha ruwan, ya ji ya fi zuma. Ya gaya wa zuciyarsa cewa ai shi bai yi ƙarya ba: huɗu ya ce, huɗu ne kuwa. In wani ya ji wani abu dabam, kunnensa za a tambaya.

Kafin gari ya waye sau biyu, labari ya ƙetare katanga ya zaga Badarawa. Mata suka fara aiko da dabbobi. Wata ta aiko da kaza. Sanda ya juya ta, ya shafa ƙirjinta, ya ce, "Wannan ciki biyu." Aka yi ta dariya, kaza kuma da ciki? Washegari kazar nan, don neman magana, ta saka ƙwai mai gwaiduwa biyu. Aka zaga gida-gida da shi a cikin ƙoƙo. Daga ranar har masu gaishe shi da hannu ɗaya suka koma biyu.

Sai ga Ɗanasabe, wani Bazamfare mai ɗaukar yashi daga rafi zuwa wurin magina, ya jawo jakanyarsa har ƙofar gida.

"Malam Likita, duba min dabbag ga. Kwanan nan tahiyatta ta yi nauyi."

Sanda ya manna kunne daga nesa-nesa, don ya ga yadda take motsa ƙafar baya. "Ciki ɗaya."

"Awo? To ni dai na san ba ta kusanci namiji ba tun bara."

"Tare kuke kwana?"

Ɗanasabe ya auna, ya ga maganar tana da ƙafa. Daga ranar ya sauke mata mangala, ya ɗaure ta a inuwa da kwanon dusa, shi kuma ya koma ɗaukar yashin a ka. In ya wuce yana haki, jakanyar takan bi shi da kallo tana kaɗa kunne.

Mutum ɗaya ne bai sallama ba: Baba Ila, tsohon direban babbar mota daga Kano, wanda haƙoransa suka riga shi yin ritaya. A gindin dalbejiya kullum yana gefe yana murza goro a magogi, yana jiran Sanda ya taka sawun da zai zame.

Ran nan Sanda yana bayanin ƙundu. "Kaza haƙoranta a ciki suke. Tsakuwa take haɗiya, ita ke yi mata niƙa. Kai ma, Baba, da kana da ilimi, da ba ka wahala da magogi ba. Ka haɗiyi 'yan tsakuwoyi, ka dinga jefa goro gudansa."

"Kun gwada a ofis?"

"Mun gwada mana."

"To ga tsakuwa." Baba Ila ya sunkuya ya tsinto ɗaya, ya goge ta a riga, ya miƙa. "Ni direba ne, ba na hawa gadar da ban ga wani ya ƙetare ba."

Idanu suka dawo kan Sanda. Ya duba tsakuwar, ya ce ta yi kaifi. Aka sake masa mai santsi. Ya ce ta yi girma. Aka nemo 'yar ƙarama. Da ya ga hanya ta ƙare, ya yi bisimilla ya jefa ta maƙogwaro, idanunsa suka yi ja, ya bi ta da ruwan buta.

"Yaya?" in ji Baba Ila.

"Ta fara aiki. Ina jin tana niƙa."

"To Allah Ya sa ta san hanyar fita."

Tsakuwar ba ta hana Sanda barci ba kamar yadda Kyalla ta hana shi. Kwanaki suna tafiya, cikin akuya yana nan yadda yake, shafal. Delu kuwa kullum sai ta auna shi da tafin hannu. Ta riga ta raba 'ya'yan: ɗaya na 'yarsu Zuwaira da ke aure a Hayin Banki, ɗaya na sadaka don Inna, biyu su zauna su cika gida. Da hantsi takan zauna ta baje rama a cinya tana murza ƙananan igiyoyi huɗu na ɗaure 'ya'yan, tana waƙa ƙasa-ƙasa. In Sanda ya ga igiyoyin nan sai ya ji tsakuwar ta motsa.

"Malam Likita, ban ga ya taso ba."

"Huɗu ne, dole su yi layi. Ba a tasowa a hargitse."

A kan keke dabara ta zo masa, a daidai kwanar Kawo, har ya kusa hawa mai rake. Dabba mai ciki huɗu, ana ba ta abinci kwano ɗaya. Ashe shekara da shekaru ciki uku na kwana da yunwa. Ina za ta samu ƙarfin haihuwa? A ba kowane ciki akushinsa. In suka cika, jiki zai taso, Delu ta ga abin da take son gani, kuma wa ya sani, ƙila garin cika wani abu ya samu. Ya ga wannan ba gyaran ƙarya kaɗai ba ne, gyaran kiwon ƙasa ne baki ɗaya. Ya sa masa suna Tsarin Akushi Huɗu, ya je ya sami Mai Unguwa.

Mai Unguwa Inuwa mutum ne mai tumbi da son a ce unguwarsa ta riga kowa. Ya ce ranar Asabar bayan la'asar a tara jama'a a ƙofar gidansa, Likita ya nuna.

Ranar Asabar da safe Delu ta yafa gyale ta tafi Hayin Banki kai wa Zuwaira albishir da bakinta. Tana fita Sanda ya jera akusa huɗu a gaban Kyalla: dawa, masara, wake, da sauran tuwon jiya. Ya tsaya a kanta yana ba da umarni.

"Wannan na tumbi. Wannan na saƙar zuma. A'a, ki gama na biyu tukuna."

Kyalla ba ta yi makaranta ba. Ta sa kai ta share na uku, ta dawo na farko, ta taka na huɗu ta cinye shi daga ƙasa. Da ya ga ta gama tana lashe baki, ya ce ashe yunwar ta fi yadda ya zata, ya sake cikawa. Ta bi da ruwa rabin bokiti.

Kafin azahar ciki ya fara tasowa. Sanda ya zaga ta yana tafa hannu shi kaɗai. Bai lura ta daina tuƙa ba, bai kuma lura tashin ta gefe ɗaya yake ba.

Bayan la'asar ƙofar gidan Mai Unguwa ta cika. Maza a tabarmi, mata sun leƙo ta zaure da saman katanga. Ɗanasabe ya zo da yashi a gashin kai da mangala a kafaɗa, jakanyarsa tana biye tana sheƙi. Sanda ya sha sitaci, ya rataya wata robar ƙarin ruwa da ya tsinta a bayan ofis a wuya, kamar abin awon likita. Ya jingine keke, ya jawo Kyalla, tana tafiya tana tsayawa, cikinta ya yi gaba ita tana baya.

Jama'a suka ɗauki salati. Wata daga katanga ta ce wannan ai ya fi huɗu.

Sanda ya yi gyaran murya ya fara da tarihin ilimi, da yadda mu a ofis muka daɗe muna nazari. Yana tsakiyar bayani Mai Unguwa ya ɗaga hannu.

"Likita, kafin ka yi nisa. A jawo min ragon nan."

Aka jawo wani farin rago mai ƙaho kamar an naɗa shi, wanda Mai Unguwa ya turke tun bara yana jiran babbar Salla.

"Kwana biyu cinsa ya ragu. Duba min shi."

Sanda ya manna kunne, ya ƙwanƙwasa. Baba Ila ya matso da tabarmarsa.

"Nawa, Likita?"

"Huɗu," in ji Sanda, kafin hankalinsa ya kamo bakinsa.

Ragon ya dubi Sanda, Mai Unguwa ma ya dube shi.

"Ragona?"

"Ranka ya daɗe, wato a ilimin zamani..."

"Ragon da na saya da ƙahonsa da komai nasa?"

"Ikon Allah," in ji Baba Ila. "To yanzu layyar ta halatta, ko sai ya yaye?"

Sanda yana neman ƙofar fita daga maganar sai aka ji tim. Kyalla ta zube a ƙasa, ta miƙe wuya, ta saki wani kuka mai ban tausayi. Mata suka ce naƙuda ce. Aka ruga aka kira Gwaggo Hassana ungozoma, wadda rabin unguwar ta hannunta suka shigo duniya. Ta iso da kwalbar man gyaɗa a ƙugu tana mita, wai yau kuma har awaki an fara tura mata.

A daidai lokacin Delu ta sauko daga hanya. Ta ga taro, ta ji ana cewa Kyalla na haihuwa, ta yar da takalmi ta kutso. A hannunta akwai igiyoyin nan huɗu, ta kai wa Zuwaira ta gani ta dawo da su. Ta durƙusa ta ɗora kan akuyar a cinyarta.

Gwaggo Hassana ta shafa cikin, ta danna, ta ɗan buga da yatsu. Ya amsa, bam, bam.

"Na karɓi haihuwa iri-iri," ta ce, "amma ban taɓa jin ɗa yana amsawa kamar ganga ba. Kuma duk sun taru a hagu. Sai dai a bar ta a kwance, a jira."

A hagu. Kalmar ta shiga kunnen Sanda ta je ta taso wancan sashe na karatu da ya jefar a lungu. Ya ji muryar malamin tar: in mai tuƙa ta ci hatsi ya yi yawa, tumbi yakan tafasa, iska ta taru ta rasa hanya, ciki ya kumbura ta hagu ya danne huhu. In aka bar ta a kwance ana jira, ba ta kai magariba.

Ya dubi rana. Ta yi ƙasa. Ya dubi Kyalla, harshenta ya fara fitowa. Gumi ya karya sitacin kakinsa.

Delu ta ɗago. "Malam Likita, ka yi magana mana. Za ta sauka lafiya?"

Da zai ce a jira, da ya tashi da sunansa. Akuya ta mutu wurin haihuwa, wa zai tuhumi likita? Ya san haka sarai, har ya ji maganar ta hau harshensa. Sai idonsa ya faɗa kan igiyoyin.

"Delu," ya ce, da wata ƙaramar murya da unguwar ba ta san yana da ita ba, "babu 'ya'ya."

"Sun mutu?"

"Ba su taɓa zuwa ba. Cikin abinci nake nufi. Kowace akuya haka take, ciki huɗu, har bunsuru, har ragon Mai Unguwa. Iska ce ta kumbura ta. Ni na ɗura mata hatsi."

Delu ko "to" ba ta ce ba.

Ɗanasabe ne ya fara samun baki. "Tsaya, tsaya. Jakanyata fa?"

"Cikin abinci ne. Ɗaya."

"Kana nuhin ni ka ɗaukar yashi bisa kai, ita tana kwance tana cin dusa, ba ɗiya ba komi?"

"Kazar fa?" wata ta jefo daga katanga.

"Ƙundu ne."

Mai Unguwa ya shafa nasa tumbin, ya ce cikin sanyin jiki, "To mu mutane fa?"

"Ɗaya, ranka ya daɗe. Irin na jaki."

"Irin na wa?"

"Ko na kare. Duk ɗaya ne. A yi min afuwa, a taya ni ɗaga akuyar nan."

Sanda ya warce kwalbar Gwaggo Hassana, ya ɗura wa Kyalla man gyaɗa a hankali ta gefen baki. Ya ce a tayar da ita tsaye, a ɗaga rabinta sama. Ɗanasabe, duk da fushinsa, ya kama ƙafafun baya ya ɗaga.

"Ba nan ba, gaba. A'a, tsaya." Sanda ya dafe kai. "Iska sama take hawa, baki kuma yana gaba. Gaba za a ɗaga."

"Ka tabbata, ko sai an tambayo ofis?" in ji Baba Ila.

Aka kifa turmi aka ɗora ƙafafunta na gaba. Sanda ya nemi ɗan itace da za a gitta mata a baki don ta yi ta taunawa. Ba a samu kusa ba, ya zare sandar Baba Ila. Sai aka rasa abin ɗaure sandar. Delu ta miƙo igiya ɗaya daga cikin huɗun, ba tare da ta dube shi ba.

Ya ɗaure. Ya durƙusa ya shiga murza gefen hagu da hannu biyu, daga ƙasa zuwa sama, yana addu'ar duk da ta zo bakinsa har da ta shiga kasuwa. Hula ta faɗi, robar wuya ta faɗi, kaki ya sha man gyaɗa da turɓaya. Shiru. Ya murza, ya murza. Shiru. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ba ya barin mutum ya tuna ana kallonsa. Ya zagayo gaba, ya kama haɓarta, ya kai fuskarsa daf da bakin don ya ga ko sandar ta zauna.

A nan Kyalla ta yi gyatsa.

Waɗanda suke wurin sun ce ƙarar ta yi kamar babbar mota ta sauke iskar birki. Warin kuwa, na dawa da wake da tuwon jiya da suka wuni suna tafasa, ya sa sahun gaba na tabarma ya koma sahun baya. Sanda, wanda ya karɓi abin gaba ɗaya a fuska, ya faɗi zaune idanunsa na ruwa.

"Barka," in ji Baba Ila, yana toshe hanci da hula. "Na fari ya sauka. Mace ko namiji?"

Sanda ya rarrafa ya koma murza. Ta sake saki.

"Na biyu."

Yanzu kam har matan katanga sun shiga ƙidaya. Na uku ya zo da ɗan jinkiri, Gwaggo Hassana ta ce haka na uku yake dama. Da na huɗu ya fito, dogo mai jan wutsiya, cikin Kyalla ya saɓe ya koma yadda Allah Ya yi shi. Ta tofar da sandar, ta girgiza kunne, ta sauko daga turmi da kanta.

Baba Ila ya ɗaga hannu. "Jama'a, a yi adalci. Huɗu ya ce, huɗu aka samu."

Dariyar da aka yi sai da ta tayar da tsuntsayen dalbejiya. Mai Unguwa yana dariya yana riƙe da cikinsa guda ɗaya. Ɗanasabe ya ɗora wa jakanya mangala nan take, ya haye bisa. Gwaggo Hassana ta ce a mayar mata da man gyaɗarta kafin ranar suna.

Delu ba ta yi dariya ba. Ta kwance igiyar daga sandar, ta haɗa da sauran ukun, ta ja akuyarta ta yi gida. Sanda ya biyo baya yana tura keke, ya riƙe ƙararrawa biyun da hannu don kada su yi ƙara.

Bayan magariba ya zauna a tsakar gida, a kan tabarmar da ya shimfiɗa da kansa. Kyalla tana kwance a turkenta, an hana ta komai sai busasshiyar ciyawa. Can sai wuyanta ya motsa, wani ɗan dunƙule ya hau, ta fara taunawa a hankali. Tuƙa ta dawo. Delu ta daɗe tsaye tana kallonta. Baƙin cikin 'ya'ya huɗun da ba a taɓa yi ba yana nan a ƙirjinta, kuma ta san zai kwana biyu. Amma akuyar Inna tana numfashi, kuma ta ga abin da mutumin ya ajiye a gaban jama'a kafin hakan ta samu. Ta rataye igiyoyin a ƙusa, ba ta jefa su murhu ba.

"Ka ga dai mun ceto ta," Sanda ya fara. Sai ya gyara zance. "Wato, na kusa kashe ta."

Delu ta shiga madafa ta fito da akushi, mafi ƙanƙanta a cikin huɗun, ta dire a gabansa. Ya buɗe. Malmala ɗaya ce, ita ma ba ta ƙoshi ba.

"Delu, wannan ai ba zai kai ko'ina ba."

"Dawar da masarar akuya ta cinye. Kuma ciki ɗaya gare ka, irin na jaki, da bakinka ka faɗa." Ta ajiye ludayi, ta zauna a gabansa, ta dube shi sosai. "Ci a hankali. In bai ishe ka ba, ka yi tuƙa."

Sanda ya ɗaga yatsa. Jaki ba ya tuƙa, wannan kam ya san shi tabbas, da bayaninsa da komai, har ya ja numfashi zai fara. Sai ya ga ba ta tankaɗe, ba ta tsinta, hannunta ba komai, shi kaɗai take kallo.

Ya sauke yatsan a cikin miya.

"To," ya ce.